Ɗigon jini zai iya tona cutar mantuwa, amma da jinin wa aka saita ma'aunin?

Da ƙaramin abu take farawa. Tsohuwa ta idar da la'asar, ta shafa addu'a, ta naɗe darduma. Ba a yi minti goma ba sai ga ta tana neman buta, tana tambayar jikoki ko an kira salla. Wata rana ta cusa kuɗin cefane ƙarƙashin katifa, ta manta, ta rantse surukarta ce ta ɗauke. Shekara biyu ko uku a gaba, ɗanta na fari ya shigo gaishe ta, ya durƙusa ya ce, "Hajiya, an tashi lafiya?" Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Bawan Allah, wa kake nema?"

A gida sai a ce gigin tsufa ne, a yi ta haƙuri da ita. Wasu su ce iska ce ko sammu, a shiga neman rubutu da hayaƙi. Idan an dangana da asibiti, likita zai tambaye ta wace rana ce yau, ya faɗa mata kalmomi uku ya ce ta riƙe su zuwa an jima. Daga nan zai gane lallai akwai matsala. Amma wace cuta ce takamaimai ke cin ƙwaƙwalwar, wannan sai dai ya yi kirdado.

Abin ya game duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da cutar mantuwa, kuma kowace shekara ana samun ƙarin kusan miliyan 10. Sama da kashi 60 cikin 100 na waɗannan mutane suna zaune ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A Afirka kudu da Sahara an ƙiyasta kimanin miliyan 2 a 2015, ana kuma hasashen za su haura miliyan 7 nan da 2050.

Shi ya sa da aka ce an samu gwajin jini da zai nuna cutar, likitoci ko'ina suka kasa kunne. Sai dai tun ba a je nesa ba wata tambaya ta taso daga cikin masu binciken kansu: shin gwajin yana faɗin gaskiya iri ɗaya a jikin Bature ɗan Suwidin, da baƙar fatar Amurka, da ɗan Meziko, da tsohon Ibadan ko na Zariya?

Abin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa

Mantuwar da ke raba mutum da hankalinsa iri-iri ce. Akwai wadda lalacewar ƙananan jijiyoyin jini ke jawowa, musamman ga mai hawan jini ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Wadda ta fi yawa kuwa, mai ɗauke da kashi 60 zuwa 70 cikin 100, ita ce cutar Alzaima.

Sunan na wani likitan Jamus ne, Alois Alzheimer. A 1906 ya duba ƙwaƙwalwar wata majinyaciyarsa da ta rasu a Frankfurt tana da shekara 55, ya ga abubuwa biyu: dunƙule-dunƙulen wani sinadari a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da wasu zaruruwa da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin. Daga baya aka gano duka biyun furotin ne. Na farko ana kiransa amiloid, na biyu tau.

Amiloid yakan soma taruwa shekara 15 zuwa 20 kafin mutum ya fara mance inda ya ajiye hularsa. Kafin 'yan shekarun nan, hanya biyu ce kawai ta ganin wannan taruwa a jikin mai rai. Ɗaya ita ce hoton ƙwaƙwalwa na PET, wanda ke cin dubban daloli, na'urarsa kuma a Afirka ta Yamma a ƙirga da yatsu. Ɗayar ita ce a soka allura a gadon baya a zuƙo ruwan laka. Da yawa suna jin an ambaci allurar baya sai su ce a bar su da Allah.

Daga allurar baya zuwa jijiyar hannu

Abin da ya daɗe yana hana ruwa gudu shi ne, ɗan ƙiris ne daga waɗannan sinadarai ke tsallakowa cikin jini, sai da aka ƙera na'urori masu iya ganin abin da na da ba sa gani. A 2018 masana daga Japan da Ostireliya suka nuna ana iya auna amiloid a jini, sakamakon ya yi kusa da na hoton PET.

A 2020 aka ƙara gaba. A Jami'ar Gothenburg da ke Suwidin, wani masani ɗan ƙasar Gana, Thomas Karikari, da abokan aikinsa sun fitar da gwajin wani nau'in tau da ake kira p-tau181. A shekarar kuma ayarin Oskar Hansson na Jami'ar Lund ya nuna ɗan'uwansa, p-tau217, ya fi shi kaifi. Akwai wasu alamomin biyu da ake yawan aunawa tare da su: NfL, mai nuna jijiyoyin ƙwaƙwalwa na lalacewa ko da wace cuta ce sila, da GFAP, mai nuna ƙwayoyin da ke kula da jijiyoyin sun harzuƙa.

Binciken da ya fi tayar da ƙura shi ne na 2024, shi ma a Suwidin, kan majinyata kimanin 1,200 masu kukan mantuwa. Gwajin jini ya dace a kusan kashi 90 cikin 100. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa, da hanyoyinsu na yau da kullum, sun dace a kashi 73. Likitocin ƙananan asibitoci kuwa kashi 61.

A watan Mayun 2025, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da gwajin jini na farko na wannan cuta, wato Lumipulse na kamfanin Fujirebio. Sharaɗin shi ne mutum ya kai shekara 55 kuma yana da alamomin mantuwa. Ba gwajin da mai lafiya zai je ya yi don son sani ba ne.

Ina aka ja layin?

Na'ura ba ta cewa "akwai" ko "babu". Lamba take bayarwa. Masana ne ke zama su ja layi, su ce wanda ya haura nan yana da amiloid a ƙwaƙwalwa, wanda bai kai ba ba shi da shi. Suna jan layin ne ta hanyar gwama jinin ɗaruruwan mutane da hoton ƙwaƙwalwarsu. Ke nan layin yana ɗauke da kamannin mutanen da aka auna.

Duk wanda ya taɓa awon hatsi a kasuwanni biyu ya san tiya suna ɗaya gare ta, amma cikinta ba ɗaya ba ne. Kafin ka yarda da awo, sai ka san a wace kasuwa aka yanka tiyar.

Manyan rukunonin da aka gina waɗannan gwaje-gwaje a kansu, irin su BioFINDER na Suwidin da ADNI na Amurka wanda aka fara a 2004, mafi yawan mutanensu Turawa ne, masu zurfin karatu, kuma galibi ba su da tarin wasu cututtukan. Alhali a Amurka tsofaffi baƙar fata sun ninka farare wajen haɗarin kamuwa da cutar mantuwa, 'yan asalin Latin Amurka kuma sun fi farare da kusan rabi. Waɗanda abin ya fi ci su ne aka fi ƙarancin aunawa.

Mutum 76 nan, 76 can

A Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis aka sa wannan tambaya a faifai. Tun a 2019 John Morris da abokansa suka lura cewa tau ɗin da ke ruwan lakar baƙaƙen fata bai kai na farare yawa ba. A 2022 Suzanne Schindler ta ɗauki baƙaƙe 76, ta haɗa kowanne da Bature mai shekarunsa, mai irin ƙarfin tunaninsa, aka gwada alamomi huɗu a jininsu.

Uku daga ciki, wato p-tau181 da p-tau231 da NfL, sun nuna son kai. Idan baƙi da fari suka sami lamba ɗaya, baƙin ya fi yiwuwar ba shi da amiloid a ƙwaƙwalwa. Wato da za a bi layi ɗaya, sai a ɗora wa baƙaƙe da yawa cutar da ba ita ke damunsu ba. Gwajin amiloid ne kaɗai ya tsaya daidai a ɓangarorin biyu, kodayake ya kamata a san cewa fasaharsa daga jami'ar ta fito.

Ba duka bincike ne ya zo da wannan labarin ba. A arewacin Manhattan ta birnin New York, Jami'ar Columbia ta shafe shekaru tana bin tsofaffi farare da baƙaƙe da 'yan asalin tsibiran Karebiyan. A 2021 ayarin Adam Brickman ya nuna p-tau217 na bin sawun cutar a wannan unguwa mai gauraye. Wani binciken mai suna Bio-Hermes, da ya tara mutum kusan 1,000, kimanin ɗaya cikin huɗu daga al'ummomin da aka saba mantawa da su, ya tarar da cewa yawan sinadaran ya ɗan bambanta a jinin baƙaƙe, amma dangantakarsu da hoton ƙwaƙwalwa ba ta sauya ba.

Abin da ya fito fili zuwa yanzu shi ne, alamomin ba darajarsu ɗaya ba. P-tau217 ya fi sauran jure bambancin mutane, amma wurin da za a ja masa layi bai gama zaunawa ba.

Ƙoda, ƙiba da hawan jini

Me ke kawo bambancin? Masana da yawa na ganin launin fata inuwa ce kawai, ainihin abin yana cikin jiki da irin rayuwar da mutum ya yi.

Ƙoda ce a sahun gaba. Ita ke tace jini, don haka idan ta raunana sinadaran sai su taru. A 2022 Michelle Mielke, da bayanan asibitin Mayo na Amurka, ta nuna ciwon ƙoda na ɗaga p-tau a jini. Mai ciwon ƙoda zai iya haura layi alhali ƙwaƙwalwarsa lafiya lau. Ƙiba kuma akasin haka take yi: mai jiki yana da jini da yawa, sinadarin ya tsinke a ciki, lambar ta sauko.

A Amurka ciwon ƙoda da hawan jini da ciwon suga sun fi yawa a tsakanin baƙaƙe da 'yan asalin Meziko, abin da ayarin Sid O'Bryant ke bibiya a jihar Texas. Wani ɓangare na dalilin talauci ne da rashin samun likita da wuri. Wani ɓangaren kuma gado ne: akwai nau'o'in ƙwayar halittar APOL1 da suka yaɗu a Afirka ta Yamma saboda suna kare mutum daga ciwon barci, amma suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Wanda ya san halin da ake ciki a Gashuwa da kewayenta, inda ciwon ƙoda ya addabi gidaje, ba sai an gaya masa abin da zai faru ba idan aka kawo layin Suwidin aka shimfiɗa a can ba tare da an duba ƙodar kowa ba. Masana na neman mafita, ciki har da auna p-tau217 a gwama shi da sauran tau ɗin da ke jinin mutumin, dabarar da aka ga tana rage tasirin ƙoda.

Darasin Ibadan

Tun kafin a yi mafarkin gwajin jini, Najeriya ta koya wa duniya darasi a wannan fage. A 1992 Hugh Hendrie na Jami'ar Indiana da Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan suka fara bin tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama a wurare biyu: Yarabawan Ibadan da baƙaƙen birnin Indianapolis. Bayan rasuwar Osuntokun a 1995, Farfesa Adesola Ogunniyi ya ci gaba da riƙe ɓangaren Ibadan.

Sun fara cin karo da matsalar ma'auni tun a wajen tambayoyi. Gwajin da Turawa suka saba ya ƙunshi a ba tsoho fensir ya kwaikwayi zane. Wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba sai hannu ya hau rawa, a rubuta masa faɗuwa alhali hankalinsa garau. Sai aka kawo tsinken ashana huɗu. Mai gwaji ya jera su a siffar murabba'i ko wata siffa, ya ce wa tsohon ya jera nasa haka. Da wannan ɗan sauyi aka daina ɗaukar rashin boko a matsayin cuta.

Sakamakon da suka fitar a 2001 ya ba da mamaki. Cikin kowane tsoho 1,000, kimanin 13 ne ke kamuwa da cutar mantuwa a shekara a Ibadan, a Indianapolis kuwa kimanin 32. Sannan ga batun APOE4, ƙwayar halittar da ta fi kowace ƙara haɗarin Alzaima a tsakanin Turawa, ta kuma fi tsanani a jikin mutanen Japan. Yawanta a Ibadan da Indianapolis kusan ɗaya ne, amma a Ibadan tasirinta ya yi rauni ƙwarai.

Masu binciken sun danganta wani ɓangare na tazarar da abinci da ƙarancin kitse a jini da lafiyar jijiyoyi. Wasu sun ja hankali cewa a Ibadan masu rauni kan riga mu gidan gaskiya kafin cutar ta bayyana. Ko ma mene ne, mutanen da ake jefawa a kwando ɗaya da sunan "baƙar fata" sun fito da lissafi biyu mabambanta.

Waɗanda aka bari a bakin ƙofa

Kuskuren layi ba a takarda yake tsayawa ba. A 2023 Amurka ta amince da maganin lecanemab, a 2024 kuma donanemab. Dukansu suna share amiloid ne, kuma ba a ba mutum sai an tabbatar yana da shi. Lecanemab ya rage saurin lalacewar tunani da kusan kashi 27 cikin 100 a wata 18, kuɗinsa a 2023 ya haura dala 26,000 a shekara, yana kuma iya jawo kumburi ko ɗigar jini a ƙwaƙwalwa.

A gwajin lecanemab, wanda ya ƙunshi mutum kusan 1,800, baƙaƙe ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. An ruwaito cewa kusan rabin baƙaƙen da suka kawo kansu an mayar da su saboda amiloid ɗinsu bai kai layi ba, yayin da a cikin farare kimanin ɗaya cikin biyar ne aka mayar. Mai yiwuwa mantuwar da yawansu ta jijiyoyin jini ce ko gauraye, wadda gwajin amiloid ba ya gani.

Asarar ta fuska biyu ce. Wanda aka ce yana da cutar alhali babu, zai sha magani mai tsada mai haɗari a banza, iyalinsa su shiga zullumi. Wanda aka ce jininsa lafiya, za a sallame shi da mantuwarsa, a bar ainihin abin da ke cin sa, wanda wataƙila hawan jini ne da ƙwaya mai araha za ta sassauta.

Layi ɗaya ko kowa da nasa?

Nan ne bakin masana ya rabu. Wasu na ganin a ja wa kowace al'umma layinta. Masu adawa suna tuna abin da ya faru da lissafin ƙarfin ƙoda a Amurka, inda aka shekara da shekaru ana ƙara wa baƙaƙe maki saboda launinsu kawai, abin da ya jinkirta wa da yawa samun dashen ƙoda, har aka soke tsarin a 2021. A wurinsu, a gyara lamba da abin da za a iya aunawa: ƙarfin ƙoda, nauyin jiki, shekaru, ƙwayoyin gado.

Akwai masu cewa kada neman cikakke ya hana amfani da mai kyau. Gwajin da ya dace kashi 90, ko da ya ɗan sauko a wata al'umma, ya fi kirdadon da ya tsaya a 61. Ƙungiyar Alzaima ta Amurka ta bi tsakiya a ƙa'idojinta na 2025: a yi amfani da gwajin a hannun ƙwararru, ga masu alamomi kawai, kuma kada ya maye gurbin duba majinyaci.

Daga ɓangaren iyalai tambayar daban ce: "To likita, in an gano, akwai magani?" Ga mafi yawan mutanenmu amsar a yau ita ce babu wanda aljihu zai ɗauka. Duk da haka sanin cewa cuta ce yana da rana. Yana sa a daina zargin suruka da sata, a daina jifan tsohuwa da maita, a kuma tsara dukiya da wasiyya tun mutum na cikin hayyacinsa.

Masu kula da lafiyar al'umma su kuma suna nuni da rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2024, wanda ya lissafa abubuwa 14 da ke da alhakin kusan kashi 45 cikin 100 na cutar, kuma duka ana iya taɓa su. Daga ciki akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba, raunin ji da gani, gurɓatacciyar iska da ƙarancin karatu a ƙuruciya. A ganinsu, na'urar awon hawan jini a kowane ƙaramin asibiti ta fi gaggawa.

Wuta, firiza da amana

A Afirka, ko an daidaita layin, akwai sauran rina a kaba. Jinin da aka ɗiba sai an juya shi a na'ura an ware ruwansa cikin 'yan sa'o'i, a zuba a ƙananan kwalabe, a sa a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri. Amiloid ba ya jure zafi ko jinkiri. Idan aka ɗauke wuta, janareto ya ƙi tashi, firiza ta saki, lambar da za ta fito ba ta mai jinin ba ce kuma. Shi ya sa ake sa ido kan gwajin da masanan Gothenburg ke yi na ɗiga jinin yatsa a kan kati, ya bushe, a aika ba tare da ƙanƙara ba.

Aikin auna 'yan Afirka kuwa ya kankama. Farfesa Rufus Akinyemi na Ibadan na jagorantar gamayyar masu binciken cutar mantuwa ta Afirka, wadda ke aiki da Jami'ar Miami don tattara bayanan mutum 5,000 daga ƙasashen nahiyar. A Kinshasa, Jean Ikanga ya auna waɗannan alamomi a jinin tsofaffin Kwango. A Damaturu, Mahmoud Bukar Maina, masanin tau da ke Jami'ar Sussex ta Ingila, ya kafa cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe, inda ake nazarin cutar da ƙwayoyin jikin mutanen yankin. A Zariya, wani bincike na 2011 ya sami cutar a jikin kimanin kashi 3 cikin 100 na tsofaffin da aka duba.

Duk wannan aiki ya rataya ne a kan abu guda: tsoho ya yarda ya naɗe hannun riga. Baƙaƙen Amurka ba su manta da Tuskegee ba, inda daga 1932 zuwa 1972 aka bar ɗaruruwan maza da ciwon tunjere ba magani don a ga yadda zai ƙare da su. Mutanen Kano ma ba su manta da gwajin maganin Trovan a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Mai zuwa da sirinji da takardar sa hannu a yau, a kan wannan tarihi yake takawa.

Layin ba zai gyaru ba sai an auna dubban tsofaffin Kano da Maraɗi da Tamale, masu ciwon ƙoda da marasa shi, waɗanda suka yi boko da waɗanda allo suka sani. Su kuwa ba za su miƙa hannu ba sai an zauna da su da 'ya'yansu, an gaya musu da harshensu ina jinin zai tafi, wa zai riƙe shi, da kuma abin da za a dawo musu da shi.